Wanda Ya Naɗe Wayar Birki

Ƙarfe goma sha biyu da rabi na ranar Alhamis, wata ƙaramar tirela mai ƙafa biyu ta ɓalle daga bayan a-kori-kura a kan jingar da ke tare ruwan kogi yamma da Haɗeja. Ta gangaro da lodinta na takin zamani, ta bi ta kan Malam Shu'ibu masunci, wanda ke zaune a gindin jingar yana gyaran taru, sannan ta kife a gefe guda a bakin ruwa. Kafin Sufeto Safiyanu ya iso an lulluɓe gawar da zane, kuma jama'a sun riga sun yanke hukunci. Duk wanda ya tambaya, suna ɗaya ake ba shi: Haladu mai walda.

Tirelar da takin na wata ƙungiyar manoman rani ne. Shugabanta, Alhaji Muttaka, yana cikin motar lokacin da abin ya faru, shi da direba Sunusi. Alhajin ne ya tari Safiyanu, ya ja shi zuwa gaban tirelar.

"Zo ka gani da idonka, Sufeto. Ba sai na yi dogon bayani ba."

Wuyan tirelar dogon ƙarfe ne. A ƙarshensa akwai baki mai kamar kofi, wanda ke hawa kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, a danna sakata ya kulle. Ban da wannan akwai sarƙoƙi biyu masu ƙugiya, da wata siririyar jar waya. Aikin sarƙoƙin su riƙe tirela idan bakin ya fita daga ƙwallo. Aikin wayar, idan sarƙoƙin ma sun gaza, ta fizgi birkin hannu, tirela ta tsaya inda take. Babu wanda ya tsinke a cikinsu. Suna nan a naɗe tsaf a jikin wuyan, an ɗaure su da guntuwar igiya.

"Haladu ne ya haɗa mana ita a garejinsa," in ji Alhaji. "Ga shi ko kwance su bai yi ba. Mutumin da ya cika mana kunne da wa'azin sarƙa."

"Kun tsaya a hanya?"

"Ko sau ɗaya."

"Ƙarfe nawa kuka taso?"

"Sha biyu saura, ko kusa da haka."

"Buhu nawa kuka ɗauko?"

"Sittin."

Safiyanu ya ƙirga waɗanda aka tattara a kan tudu, ya sami talatin da ɗaya. Alhaji ya ce sauran ruwa ya tafi da su, kuma ai an san takin yuriya da ruwa. Safiyanu ya dubi ruwan. Ciyawar kacala ta shaƙe shi, ko kara aka jefa sai ya yi shawara kafin ya motsa. Mutane sama da ɗari sun tattake wurin, masu taimako sun janye buhuna daga inda suka faɗi, wani ma ya kawo ruwa ya wanke jinin saboda tausayi. Abin da ya rage masa na shaida shi ne abin da ya fi ƙarfin a ɗauke.

Ƙanen mamacin, Malam Abdulrahman, ya matso ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ku ba mu gawarmu mu yi mata sutura kafin la'asar. Haladu kuwa ku riƙe shi da kyau. In ya fito gari, ban ɗauki alhakin samarin unguwarmu ba."

An kawo Haladu ofis da ƙarfe uku. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi, idanunsa ja kamar na duk wanda ya daɗe yana kallon wutar walda. Ya zauna a kan benci bai jira an ce masa ba.

"Ka rataya sarƙoƙin ko ba ka rataya ba?"

"Yallaɓai, sarƙoƙin nan ba da su ta zo ba. Waya kaɗai ta zo da ita daga waje. Ni na sayo su, ni na liƙa su, na ɓata yini guda a kai. Sai kuma in manta da rataya su?"

"Mutane suna mantuwa."

"Su dai."

"To, yi mini bayanin yadda ka yi yau."

Haladu ya miƙa yatsunsa biyu ya giciya su. "Ta dama ta tafi zoben hagu, ta hagu ta tafi zoben dama, ta ƙarƙashin wuya. In baki ya fita, wuyan ya faɗa a kan gicciyen, ba zai caki ƙasa ba. A bar musu sako-sako kaɗan saboda kwana, amma kada su ja ƙasa. Waya tana da nata zoben daban a jikin shasin mota. Ba a maƙala ta a sarƙa, ba a rataya ta a ƙwallo. In ƙwallon ne ya tafi, da me za ta fizga? Sannan na danna sakata har ta ce ƙas, na sa kafaɗa na ɗaga wuyan in ji ko zai fita. Shekara ashirin haka nake yi. Har suna direbobi suka sa mini, Haladu Gicciye. Wani ma ya tambaye ni ko na fara zuwa coci ne."

"Lodin fa?"

"A gabana aka shirya shi. Nauyi a gaba, don ya danne ƙwallo. Ƙato biyu ba sa ɗaga wuyan nan."

"Alhaji ya ce sha biyu saura suka bar wurinka."

"Ƙarfe tara. Rediyona na karanta labarai."

"Wa ya gani?"

"Duk layin."

Sai Haladu ya tambaya, "Wai da me aka ɗaure su?"

"Igiya."

"Igiya." Haladu ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Je ka garejina, yallaɓai. In ka sami igiya ko taƙi ɗaya, kai ni kotu, ba zan ce uffan ba. Bakanike da robar tub yake ɗauri. Kuma ba na naɗe waya. Naɗi yana lanƙwasa ta, ranar da ake bukatarta ta tsinke a banza."

Safiyanu ya je garejin. Babu igiya, roba ce birjik a rataye a ƙusa. Amma layin da Haladu ya dogara da shi ya zama layin makafi. Mai faci ya ce da hantsi ne dai. Mai sayar da baƙin mai ya ce shi bai kula ba. Mai shayi, wanda teburinsa ke kallon ƙofar garejin kai tsaye, ya ce ya sunkuya yana fifita wuta. Safiyanu ya tambaye shi ko awa uku ya yi a sunkuye. Ya ce gawayin jiƙaƙƙe ne. Babu wanda ke son a ce ya tsaya wa mutumin da gari ya ce ya kashe rai, kuma rabinsu wurin Alhaji suke karɓar taki.

Direba Sunusi ya fi su wahalar da shi. Magidanci ne siriri, shekararsa shida yana tuƙa wa ƙungiyar, kuma matarsa 'yar ƙanwar Alhaji ce.

"Ƙarfe nawa kuka taso?"

"Yadda Alhaji ya faɗa."

"Kai nake tambaya."

"Ba ni da agogo, yallaɓai."

"Wayarka ba ta nuna lokaci?"

"Fuskarta ta fashe."

"Da ka shiga mota, ka ga sarƙoƙin a rataye?"

"Ni gabana nake kallo."

Minti arba'in suka yi a haka. Safiyanu ya rufe littafinsa da ƙarfin da bai yi niyya ba.

Shugaban ofishin ya kira shi kafin magariba. Ba mutum ne mai gaggawa ba, amma an yi masa waya sau biyar tun azahar.

"Kana da shaidu biyu, ɗaya shugaban ƙungiya. Kana da sarƙa a naɗe, kowa ya gani. Ba za mu ajiye mutum ba iyaka ba. Litinin a gurfanar da Haladu kan sakacin da ya jawo asarar rai. Me kuma kake nema?"

"Awa uku, yallaɓai."

"Na ba ka har Litinin."

"Ba su nake nufi ba. Daga tara zuwa sha biyu. Tafiyar minti arba'in ce daga gareji zuwa jingar. In Haladu ya faɗi gaskiya, tirelar nan ta je wani wuri."

"In kuma ƙarya yake yi?"

"To Litinin ɗin."

Da sassafe ranar Juma'a ya shiga ƙarƙashin a-kori-kurar, wadda aka ajiye a harabar ofis. Jar ƙurar hanya ta rufe ko'ina, ban da cikin zobba uku, biyu manya ɗaya ƙarami. Cikinsu na ƙyalli inda ƙugiya ta goga. Wannan ya nuna an rataya wani abu a nan ba da daɗewa ba, amma lauya zai ce tun shekaranjiya ne. Ya duba tayoyin motar. Ja ne su ma, babu ɗigon laka.

Ya hau babur ya koma jingar. Ya roƙi masunta huɗu, abokan sana'ar mamacin, su shiga ruwan su lalube shi. Iyakarsa ƙirji. Cikin awa guda suka fito da buhu tara, wasu sun narke rabi, amma buhunan suna nan. Babbansu ya ce in akwai na goma, to ba a wannan ruwan yake ba. Talatin da ɗaya da tara. Ashirin ba su taɓa isowa nan ba.

Sannan ya durƙusa gaban tirelar, abin da cunkoson jiya ya hana shi. Igiyar ta kaba ce, tufkar hannu, an yi mata ƙullin zarge irin wanda ake ja sau ɗaya ya warware. A tsakanin idanun sarƙoƙin akwai ɓurɓushin itace, da gajerun gashi farare. Ya zagaya wajen tayar da ke sama, wadda ba ta taɓa ruwa ba tun da tirelar ta kife. Baƙar lakar fadama ta bushe a jikinta har zuwa gindin ƙarfen da ke riƙe da ita.

Mota ja, tirela baƙa. Ya yanke igiyar daga gefe don kada ƙullin ya lalace, ya sa ta a ambulan.

Ya juya babur ya nufi gari a hankali, yana duban gefen jingar. Sau uku yana tsayawa a banza. A na huɗu, kamar kilomita huɗu daga wurin haɗarin, akwai gangaren da manoma ke bi su sauka fadama. Sawun taya biyu sun sauka ta nan. Tsakaninsu babu sawun mota, kofatan shanu ne. Ya bi su da ƙafa. Bayan taku ashirin, zanen tayar ya ɓace, ya koma santsin layi biyu, kamar an ja abu a ƙasa, kofatan kuma sun nutse sun dagula wurin. Gaba kaɗan zanen ya dawo. Sawun ya shige bayan wata katangar kacala da ta fi mutum tsawo, inda mai wucewa a kan jinga ba zai hango komai ba.

A can ya tarar da fili, da fararen ƙwayoyin taki a warwatse, da sawun keke mai ƙafa uku wanda ya zo daga baya. Buhu ko ɗaya babu. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, laka ta cika masa takalmi. Da jiya ya zo maimakon zaman jin labarin jiƙaƙƙen gawayi, da ya same su.

Wasu mata masu dashen shinkafa suka ce shanun da ke shiga irin wannan taɓon na mutum ɗaya ne, Buba. Ya same shi a gonarsa bayan wata giginya, dattijo dogo da malafa, yana cire wa bijimai biyu farare karkiya.

"Sannu da aiki, Baffa."

"Yawwa, sannu ɗan sanda. In shanu suka yi ɓarna, ba nawa ba ne. Nawa sun fi wasu mutanen hankali."

"Jiya sun ja wani abu da ba garma ba?"

"Sun ja amalanken Turawa. Kada Allah ya maimaita."

"Wa ya sa ka?"

"Alhajin taki. Muttaka. Ya ce yana so a shigar masa da ita bayan kacala a rage kaya, mota ba za ta shiga ba. Na ce in kawo amalankena a sauke a bakin hanya, ya ce a'a, ido ya yi yawa, kowa zai ce a ba shi nasa yanzu."

"Direban yana nan?"

"Ban ga direba ba sai a ƙarshe. Na tarar da ita a tsaye ita kaɗai, Alhaji na zaune a inuwarta."

"Yaya kuka ja ta?"

"Sarƙoƙinta na ɗaura a karkiya. Mun fara tafiya lafiya, sai wannan," ya nuna bijimin hagu, "ya taka wata jar waya da ke ja a ƙasa. Kawai abu ya ce ƙaf. Ta kafe. Na yi tsawa, na yi lallashi, shanu har suna durƙusawa, tana jan ƙafa kamar jakin da ya ga gada. Na ce wa Alhaji abin nan da mai shi a ciki. Muka yi ta lalube har ya gano wani hannu ya danna, ta saki. Sai na ce wayar nan ba za ta sake yi mini haka ba. Na naɗe ta a wuya. Da muka fito da ita na haɗa da sarƙoƙin na ɗaure, kamar yadda nake yi wa igiyar amalanke don kada dabba ta taka."

Safiyanu ya fito da ambulan, ya zazzage igiyar a tafin hannunsa. Buba ya duba sau ɗaya.

"Tawa ce. Tufkata ce. A ina ka same ta?"

"Ka ji an yi rasuwa a jinga jiya?"

"Na ji. Shu'ibu mai taru. An ce wani mai walda ne ya yi sakaci."

"Tirelar da ka ja ce."

Buba ya cire malafarsa. Ya daɗe yana kallon igiyar. Da ya yi magana, wasan ya fita daga muryarsa.

"Na gaya masa. Da motar ta dawo tana ja da baya, na ce Alhaji, a kwance waɗannan a mayar inda suke, ni ban san wurinsu ba. Ya ce bar su, iya-yin Haladu ne, babu lokaci. Shi ya ɗora bakin a kan ƙwallo. Ni na ɗaga masa wuyan."

"Kai kaɗai?"

"Da hannu ɗaya. Ai kayan gaba muka kwashe."

"Za ka maimaita wannan a gabansa?"

"Bari in shayar da su, in sa riga."

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Safiyanu ya sa aka kawo Sunusi. Bai buɗe littafi ba. Ya ajiye igiyar a kan tebur, ya nuna masa Buba ta taga, zaune a kan benci a baranda.

"Ka san wancan dattijon?"

Sunusi ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Litinin za a kai Haladu kotu. Shi ya koya maka gicciya sarƙa, ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"To ina jin ka."

Maganar ta fito a guntule. Ƙarfe tara suka taso, komai a rataye. A gangaren fadama Alhaji ya ce ya manta wayar salularsa a gida, Sunusi ya cire tirela ya koma ya ɗauko, zai fi sauri. Shi da hannunsa ya cire ƙugiyoyin uku. A gida aka yi ta neman waya ba a gani ba, ya ɓata fiye da awa biyu. Da ya dawo ya tarar wayar na hannun Alhaji, wai a aljihun ciki take. Zai sauko ya haɗa tirela, Alhaji ya ce zauna, ja da baya kawai, mun makara.

"Ba ka sauko ka duba ba."

"Ban sauko ba."

"Takin fa?"

"Wallahi ban san an taɓa shi ba, yana rufe da tamfol. Bayan abin ya faru ya ce in na ce mun tsaya, ni za a ɗaure, tunda ni ne direba. Ya ce in bar shi da magana."

Safiyanu ya yarda da shi a kan takin. Wanda aka haɗa baki da shi ba a aika shi neman wayar da ba ta ɓata ba.

Alhaji Muttaka ya iso bayan la'asar cikin farar babbar riga, da 'yan ƙungiya biyu a bayansa. Ya zaci sa hannu zai yi a takarda. Aka shigar da shi ofishin shugaba, aka bar 'yan rakiyar a waje.

"Alhaji, ka san aikin jar wayar nan?" in ji Safiyanu.

"Ni manomi ne, Sufeto. Ƙarfe ba fannina ba ne."

"Ba ka taɓa ganin ta kama birki ba?"

"A ina zan gani?"

Safiyanu ya buɗe ƙofa. Buba ya shigo, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga zaure.

"Alhaji, ina gajiyar jiya."

Alhaji ya dube shi, ya dubi igiyar da ke kan tebur, ya dubi shugaban ofis. Ya ce bai san mutumin ba. Buba ya ce to shanunsa sun san shi. Aka karanta masa bayanin Sunusi. Ya ce yaron tsoro ne ya ruɗa shi. Aka gaya masa masunta sun lalube ruwa, buhu ashirin babu su, kuma za a nemi izinin duba ɗakin ajiyarsa na gida. A nan ya gyara zama, muryarsa ta sauka.

"Ajiye su na yi. Ni ke sayowa, ni ke rabawa, shekara takwas ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Amma ban kashe kowa ba. Ƙaddara ce. Motoci nawa ne a garin nan ke jan kaya ba sarƙa ba waya? Je ka tasha ka ƙirga."

"Da yawa," in ji Safiyanu. Ya san gaskiya ne, kuma ya san gobe ma haka za su fita. "Amma wannan tana da su."

Ya juya wajen shugabansa, ya jera maganar yadda zai rubuta ta.

"Yallaɓai, abu huɗu ke tsare tirelar nan, kuma da huɗun ta bar garejin Haladu. Nauyin gaba yana danne baki a kan ƙwallo. Alhaji ya kwashe buhu ashirin daga gaba, wuyan ya zama na ɗagawa da hannu ɗaya. Sakata tana kulle bakin. Shi ya ɗora shi, kuma sakatar ba ta karye ba, a buɗe na same ta. Ramin farko mai zurfi a kan jinga, bakin ya yi tsalle ya fita. Da sarƙoƙi na rataye, da wuyan ya faɗa kansu. Da waya na zobenta, da tirelar ta kafe a kan jinga, yadda ta kafe wa bijimai biyu a fadama awa ɗaya kafin nan, a gaban idonsa. Ya ga aikinta. An ce masa a mayar, ya ce babu lokaci. Naɗin da kowa ya ɗauka shaida ce a kan Haladu, shi ne ya wanke shi. Bakanike ba ya ɗauri da kaba, ba ya ƙullin zarge. Mai shanu ke yi, don kada dabba ta taka. Buba ya yi abin da ya sani, ya kuma faɗi abin da bai sani ba. Wanda ya hana direba saukowa shi ne wanda ba ya so a ɗaga tamfol."

Shugaban ya ja takardar tuhumar da aka riga aka buga da sunan Haladu, ya duba ta, ya kifa ta.

"A sake bugawa. Direban ma yana da tasa amsar, ta ƙarya da ta rashin dubawa."

An sami buhunan ashirin a ɗakin ajiyar Alhaji washegari da safe, gindinsu duk baƙar laka. A safiyar ce kuma aka saki Haladu. Ya karɓi hularsa da makullan gareji, ya sa hannu, bai yi godiya ba. Ya tsaya a bakin kanta.

"Yallaɓai, takardarka ba ta shiga unguwa."

"Me kake so?"

"Yau sadakar uku. Shekara goma ina yi wa Shu'ibu gyaran fatsa da ƙarfen kwalekwale. Ban je jana'izarsa ba. In na je ni kaɗai, ka san abin da zai faru. In ban je ba, sun ce kunya ce ta hana ni."

Safiyanu yana da rahoton da bai rubuta ba, da takalmin da bai bushe ba. Ya ɗauki makullin babur.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mamacin har bakin titi. Da aka ga wanda ya sauko daga bayan babur ɗin, hira ta mutu. Wasu samari uku suka miƙe daga jikin katanga. Safiyanu ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, sannan ya tsaya inda kowa zai ji shi. Ya ce Haladu ya rataya sarƙa ya rataya waya. Ya ce a hanya aka cire su don a saci taki, kuma wanda ya hana a mayar yana hannu, ya amsa satar da bakinsa, Litinin zai tsaya gaban alƙali. Wani ya tambayi suna. Ya faɗa. Aka yi ta kallon juna, don akwai waɗanda jiya suka bi Alhaji sahu ɗaya a masallaci suna ba shi haƙuri.

Malam Abdulrahman bai dubi Safiyanu ba. Ya kafa wa Haladu ido, ya daɗe. Sannan ya tattara rigarsa, ya matsa gefe a kan tabarma.

"Zauna, Haladu. Yanzu za a fara addu'a."